Farar Ƙasa A Gwangwanin Madara

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ki Azare lafiya, Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar jinyar da za ki shiga da kuma gidan Gwaggonki Lami inda za ki zauna. Na ba mahaifiyarki wannan takarda ta sa miki a hannu idan kun isa tasha. Ki buɗe ta kafin ku haye gadar Wudil, kada ki bari sai kin sauka. Rubutun nawa kin san shi, aji huɗu ne da ɗan abin da na tsinta a yaƙi da jahilci. Inda ya karkace ki miƙar da shi da kanki.

Ranar Talata da safe sukari ya yanke mini a teburin shayi, na dawo gida ɗauka. Na same ki a tsakar gida kin tsuguna gaban jakarki, kina juye farar ƙasar ajiyar ƙwai daga ledar da na ba ki zuwa cikin gwangwanin madara, babban nan mai murfin roba. Na tsaya a bakin zaure.

Na ce, “Ummi, ba ki sami wani abin ba sai gwangwanin madara?”

Kika ce, “Ledar ce ta huje, Baba, kada ta ɓata mini fararen kayan makaranta. Wannan kuwa murfinsa ya kama gam.”

Na ce, “Ki dai nemi wani abin.”

Sai kika yi dariya, kika ce, “Kai Baba, ni da zan karanta aikin jinya zan kasa bambance madara da farar ƙasa? Ko da ido ɗaya da rabin da nake da shi ai na fi ƙarfin wannan.”

Kika rufe, kika cusa shi tsakanin hijabanki. Mahaifiyarki tana dama koko a lokacin. Ba ki lura ba, amma ludayin ya tsaya a hannunta, ta ɗago ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Na ɗauki sukarina na fita. Ranar sau biyu ina zuba wa mutum gishiri a shayi.

Ke ce 'yar fari, sunan mahaifiyata gare ki. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da ke mun yi doguwar magana ido da ido ba. Haka muka tarar ana yi, ni ma ban iya wani abin ba. Jakarki ma kunya ba za ta bar ni in buɗe ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Gwangwanin nan yana cikin jakar har yanzu, kuma gidan da za ki sauka akwai jikokin Gwaggonki, Hassana da Usaina, da suka fara tafiya suna jawo duk abin da hannunsu ya kai.

Bari in faro miki daga tushe. Lokacin da na baro ƙauyenmu na ƙasar Gaya na kafa teburi kusa da ƙofar asibiti, ɗaki ɗaya muka kama a wani gidan haya a Tarauni. A gidan akwai Sista Asabe, ma'aikaciyar jinya, wadda kika sani, da Haladu direba, lokacin tasi yake ja. Kin san halin ƙwan zabi. Da damina ya cika gari har mata na bin ka da shi a ƙwarya, da rani kuwa ko na magani ba ka samu, ga masu jinya da ma'aikata kullum suna tambaya, “Mai shayi, babu na zabi?” Wata rana ina wannan ƙorafi a tsakar gida, Sista ta ce ai akwai dabara. Ana kaɗa farar ƙasa a ruwa, a jera ƙwan a ciki, ruwan ya toshe 'yan ƙofofin ɓawon da ido ba ya gani, sai ƙwai ya kai rani bai lalace ba. Ta kwatanta mini shagon da ake sayar da tatacciya, wadda aka yi don abinci, ta ce cokali biyu a cike ga lita ɗaya ta ruwa. Ta ƙara da cewa kada in wanke ƙwan.

Wannan ta ƙarshen ce ba ta shige ni ba. Na ce a raina, ma'aikaciyar asibiti guda tana hana tsafta? Na zauna da omo da soso na wanke ƙwan nan ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli, na jera a randa, na rufe, ina jin na fi malamata iyawa. Ba a yi wata biyu ba gidan ya ɗauki wani irin wari. Haladu ya leƙo ɗakinmu ya toshe hanci da hularsa.

Ya ce, “Isiyaku, faɗa mana gaskiya, gawar wa ka ɓoye? In ɗan'uwanka ne mu taya ka sutura.”

Ni da shi muka ɗauki randar zuwa bola, yana tafe yana yi mata salati. Da Sista ta dawo aiki ta ce, “Zabuwa tana shafa wa ƙwanta wani abu da ke tsare shi, kai kuma ka bi da omo ka kankare. Mai datti ka soya a ranar, mai tsabta daga gindin uwarsa shi ake ajiyewa.” To, ki riƙe wannan. Kada ki wanke, kada ki sa mai tsaga ko da siririya ce kamar gashi, ki haska kowanne a rana kafin ki sa. Ruwan ya sha kansu, murfi a rufe, randar a inuwa. Sai ranar da za ki yi amfani da shi ne za ki wanke shi sosai. In dafawa za ki yi, ki huda gefen mai faɗi da allura, in ba haka ba ya fashe miki a tukunya, don numfashinsa a toshe yake. Kada kuma ki kaɗa ta a tukunyar dalma, cinye ta take yi, mahaifiyarki har yau tana yi mini gorin tukunyarta ta aure. Idan Gwaggonki ta ce ki sa mata kaɗan a masara don dusa ta fita, kamar yadda take yi da ruwan toka, ki wanke masarar ki sake wankewa har santsin ya bar hannunki. Wanda ya gaya miki abin da ya sani, ki bi shi yadda ya faɗa tukuna, gyaran naki ya biyo baya.

Wannan kuskuren ƙwai kawai ya ci. Da a nan na tsaya, da labarin dariya ne.

Daminar da ta biyo baya ita ce wadda soja suka koma bariki. Ana ta gyaran gari don rantsar da farar hula, leburori suna bin gefen titin Zariya da gindin bishiyoyi suna shafa farar ƙasa. A teburina suke karyawa. Ranar da suka gama, ɗaya daga cikinsu ya ajiye mini ragowar buhu, ya ce, “Mai shayi, ga wannan ka shafe ɗakin amarya.” Na ɗauko na kawo gida ina murna, ga damina ta kama, ga ƙwai ya fara shigowa, ga farar ƙasa a banza. Sista ta gan ni da buhun a kafaɗa.

Ta ce, “Ina za ka da wannan?”

Na ce, “Ai duk farar ƙasa ce, Sista.”

Ta ce, “Duk ruwa ne, amma ba ka shan na kwata. Wannan ta magina ce, ba a tace ta ba, Allah kaɗai Ya san abin da ke cikinta. Wani lokaci har da ɗanyar da ke tafasa in ta ji ruwa. Mayar musu da abinsu.”

Na ce to. Na jira ta tafi aiki. Da na zuba a bokiti na sa ruwa, sai na ji bokitin ya yi ɗumi kamar an ɗora a wuta, washegari fatar yatsuna ta fara saɓulewa. Mai hankali a nan zai tsaya. Na zubar da wadda na kaɗa, amma ragowar garin na ji ba zan iya zubarwa ba, wai ko ta yi amfani wata rana. Ki kiyayi abin banza, Ummi. Abin da ka saya kana iya rabuwa da shi, na banza ne yake maƙale wa mutum a zuciya. Ki sayi tatacciyar a inda aka san ta, a cikin ledarta mai rubutu. Wanda ya auno miki a takarda ya ce duk ɗaya ne, ki gode masa ki wuce.

Buhun ya yage, na nemi abin juyewa. Mai shayi kuwa me ya fi yawa a ɗakinsa? Na ɗauki gwangwanin madara, babba mai murfin roba, irin naki sak. Na cika shi, na ɗora a kan taga.

Shekararki uku lokacin. Kullum da hantsi in na tashi daga teburi, nakan taho da gwangwanin madarar da na ƙarar, in karkaɗe miki ɗan abin da ya rage a tafin hannu. Ki lashe, bakinki ya yi fari, ki ce, “Baba, mada.” Ba ki iya faɗar madara ba. In kin jiyo ƙarar kekena tun daga zaure kike miƙo hannu.

Safiyar da nake son gaya miki Laraba ce, an yi ruwa da asuba, kasuwa ba ta yi ba, na dawo da wuri ban taho da komai ba. Mahaifiyarki tana wanki a bakin rijiya da ƙaninki Sani a goye. Na kishingiɗa a kan tabarma, idona biyu. Na gan ki kin jawo kujerar tsugunno zuwa gindin taga. Na gan ki kin hau, kin yi ɗage, kin miƙa hannu biyu. Ummi, ina kallonki, kuma murmushi nake yi. A raina na ce, ji 'yar nan da wayo, ta gano inda madara take. Ni da na zuba da hannuna, ni da na ɗora a wurin, a wannan lokacin gwangwanin madara kawai na gani. Ban tuna ba sai da ya kifo, murfin ya fita, garin ya sauko miki a fuska.

Kin ce ba za ki kasa bambancewa ba. Ni ma da idona biyu lafiyayyu na kasa. Ido gwangwani yake gani, ba ya ganin abin da ke ciki.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ci mini rai. Na sure ki, na kama bakin rigata na shiga murza miki idon hagu, wai in fitar da garin. Ina murzawa ina hurawa. Wata tsohuwa da ke gidan ta ce a tatsa nonon uwa a ciki, wani ya ce man shanu. Mahaifiyarki ta fara kwance goyo. Kukanki ne ya tashi Sista Asabe, ta dawo daga aikin kwana ke nan ta ɗan kwanta. Ta fito ko ɗankwali babu, ta dubi gwangwanin a ƙasa, ta dube ni. Ta fizge ki daga hannuna, ta kwantar da ke a cinyarta, ta buɗe idanun da yatsunta, ta ce, “Ruwa. Mai kyau. Duk wanda ke gidan nan.”

Buta bayan buta, tulu bayan tulu. Na ce, “Sista, ai ya fita, mu tafi asibiti.” Ta ce, “Zuba, ban ce ka tsaya ba.” Sai da muka ƙarar da ruwan shan gidan kaf, sannan ta ce Haladu ya tayar da mota. Ko a cikin motar tana zuba miki daga jarka, kujerar baya ta jiƙe sharkaf kafin mu isa. Likitan ido ya ce ruwan nan ne ya ceci na dama. Na hagun kuma ya tambaya, “Wa ya murza?” Na ce ni ne.

Farin da ke cikin idonki na hagu ke nan. Ba ƙyanda ba ce.

Ƙyandar kin yi ta da gaske bayan wasu 'yan watanni, amma mai sauƙi, ba ta taɓa miki ido ba. Da kika shiga firamare yara suka fara tsokanarki, kika dawo kika tambaye ni me ya sami idonki, sai bakina ya ce ƙyanda. Mahaifiyarki tana wurin, ta tashi ta shiga ɗaki. Daga baya ta ce mini, “Malam, wannan kaya ne ka ɗora mana, kuma kullum ƙara nauyi zai yi.” Gaskiyarta. Na ji ki da kunnena kina gaya wa ƙawayenki aikin jinya za ki yi don kada ƙyanda ta yi wa wani yaro abin da ta yi miki. Na so in yi magana ranar, na ce bari sai ta gama jarrabawa. Da kika gama na ce bari sai sakamako ya fito. Mutane suna yabona da haƙuri, amma wani haƙurin tsoro ne ya sa riga. Kada ki gaji wannan daga gare ni. A aikin da za ki shiga, ranar da kika yi kuskure a kan marar lafiya, ki faɗa a ranar, tun ana iya gyarawa. Kuma inda za ki akwai masana ido. Ba na so wani baƙo ya haska miki fitila ya gaya miki abin da ubanki ya kasa.

Shekara biyar ban ƙara taɓa farar ƙasa ba. Da na koma ajiyar ƙwai, tatacciya nake saya, ina kulle ta a ƙaramin akwatin ƙarfen nan mai kwaɗo, makullin a aljihuna. Kin sha yi mini dariya, kina cewa, “Baba na kulle ƙasa kamar zinariya.” Yanzu kin san dalili. Kada ki ce ai taki ta abinci ce. Tatacciyar ma in ta shiga ido ci take yi, in yaro ya ɗura a baki ƙona shi take yi. Ni ne kuma na sake yin sakaci da na miƙa miki ita a leda, na bar akwatin a ƙarƙashin gado.

To ga abin da nake roƙonki. Akwatin yana hannun mahaifiyarki, za ta sa a ɗora miki shi tare da jakarki. Makullin shi ne na ɗaure a jikin wannan takarda. A ciki akwai robar fenti da na wanke, mai murfin murɗawa, wadda ba ta taɓa ɗaukar abinci ba kuma ba ta yi kama da na abinci ba. Da kun sauka a tashar Azare, tun kafin ki hau abin hawan da zai kai ki gida, ki ciro gwangwanin ki sa shi a akwatin yadda yake, ki kulle. Kada ki buɗe gwangwanin a tasha cikin iska da jama'a. Sai kin huta, 'yan biyu ba sa kusa, ki juya wa iska baya, ki rufe hanci da mayafi, ki juye a robar a hankali, ki wanke hannu kafin ki taɓa fuska. Gwangwanin kuma ki lotsa shi da dutse ki binne, kada wani ya tsinta ya zuba sukari.

Kada ki ce za ki rubuta suna a jiki ya wadatar. Hassana da Usaina ba su iya karatu ba. Gwaggonki ma ba ta yi boko ba, idonta ya yi rauni, ga ta da son shayi mai kauri. In ta ga gwangwanin madara a ɗakin 'yar ɗan'uwanta, ba za ta tambaye ki ba, cokali za ta sa.

In kuma Allah Ya ƙaddara ta shiga idon wani, Allah Ya kiyaye, kada a murza, kada a hura, ba nono, ba mai, ba kwalli. Ruwa mai tsabta, a buɗe idon a yi ta zubawa har kowa ya ce ya isa, sannan a ƙara, sai asibiti. Wannan za a koya miki a makaranta da Turanci, ni a jikinki na koya.

Ban ce ki yafe mini a cikin mota ba. Ki yi fushinki, hakkinki ne. In kin zo hutu kin ga dama ki yi mini magana, zan zauna in ji, kunyar 'yar fari ta ci abin da ta ci. In kin isa dai ki kira wayar mahaifiyarki ki ce mata an kulle. Kalmar nan kaɗai nake jira.

Ki gaida Gwaggonki da mutanen gidan. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, kada ki yi ta karatu a duhu da idon da ya rage miki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa, Ya dawo mana da ke lafiya.

Idan kin ga kamar na ƙirƙiri labarin ne don in tsorata ki, ba ni kaɗai nake wurin ba. Mahaifiyarki tana nan, ki dubi fuskarta ki tambaye ta. Sista Asabe ta yi ritaya tana Darmanawa, kin san gidan. Haladu yana bakin asibiti da adaidaitarsa, ki ce ya gaya miki abin da ya jiƙa masa kujerar tasi. Su ukun nan sun ga komai tun daga kukanki har ɗakin likita. Murmushin da na yi kina miƙa hannu ne kawai ba su gani ba. Wannan daga ni sai Allah, yau kuma ke.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isiyaku mai shayi.